Ranar Da Ƙafar Baba Ta Ƙi Ƙetare Dokin Ƙofa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



'Yan'uwana masu karatu, an kwana biyu ba ku ji ɗuriyata ba, har wasunku sun aiko suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau, alhamdulillahi, sai dai jinyar mahaifina ce ta ɗauke mini hankali. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, domin kuwa akwai laifina a cikinsa, kuma ɗan Adam ba ya son tona abin da zai ba shi kunya. Amma da na nemi izinin Baba, sai ya ce in rubuta, wataƙila wani ɗan ya karanta ya sassauta wa nasa uban. To ga shi nan.

Tsakanin zauren gidanmu da ƙofar masallacin unguwarmu taku 240 ne a tafiyar mai lafiya. Shekara talatin da ɗoriya ina bin wannan hanya sau biyar a yini, ban taɓa sanin adadin ba, sai da lalura ta tilasta mini ƙidayawa. Haka ni'ima take, muddin tana hannu ba a lissafa ta.

Baba tela ne, ya fi shekara arba'in a kan keken ɗinki na ƙafa. Abin da muka fara lura da shi, hannunsa na dama ne ke karkarwa idan ya ɗora shi a gwiwa yana hutawa, amma da ya ɗauki almakashi sai karkarwar ta lafa. Daga baya rubutunsa a littafin awo ya riƙa ƙanƙancewa har yaran shago suka kasa karantawa. Idan yana tafiya, hannun daman ba ya lilo kamar na hagu. Fuskarsa ta daina nuna fara'a, har Inna ta ɗauka fushi yake yi da ita. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a, wata gwaggonmu kuwa ta rantse iska ce. Sai da muka ɓata fiye da shekara guda kafin muka isa gaban likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Bai daɗe yana kallon yadda Baba ke tafiya a farfajiyar asibiti ba, ya sa shi ya buɗe yatsu ya rufe, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu, sannan ya gaya mana sunan abin: cutar Parkinson, wadda wasu ke kira cutar makyarkyata.

Aka ɗora shi a kan maganin lebodofa, kuma cikin 'yan makonni muka ga sauƙi mai ban mamaki. Jikinsa ya saki, ya koma shago, muka yi zaton an wuce wurin. A shekara ta uku sai wani sabon abu ya ɓullo. Baba zai taso yana tafiya lami lafiya, da ya iso dokin ƙofa sai ƙafafunsa su kafe, kamar an zuba musu danƙo a ƙasa. Gwiwoyinsa na rawa, diddigensa na ɗan ɗagawa, amma taku ya gagara.

Wata asuba, ladan ya riga ya fara tayar da iƙama, Baba ya kafe a bakin zaure. Na tsaya ina jira, ina jin liman ya yi kabbara. Raina ya ɓaci, domin a cikin zuciyata ina ganin kamar bai yi iya ƙoƙarinsa ba ne, tunda jiya ma ya wuce wannan ƙofa ba gardama. Na kama hannunsa na ja, na ce, "Baba, ɗaga ƙafar mana, za mu rasa raka'a." Gangar jikinsa ta biyo ni, ƙafafunsa suka tsaya inda suke. Ya kife, girarsa ta bugi gefen dakali, jini ya wanke masa farar riga. Ina tallabe da shi ina salati, sai ya dube ni ya ce a hankali, "Ai ina ɗagawa, yaro. Ita ce ba ta ji."

Wannan magana ta hana ni barci kwanaki. Ni da nake koyar da yara haƙƙin iyaye kowane mako, ni ne na kayar da nawa uban saboda jahilci da gaggawa. Daga ranar na ɗaura aniyar sanin abin da ke faruwa a cikin kansa.

Ga abin da na fahimta. Wani likita ne a Landan, James Parkinson, ya fara siffanta cutar dalla-dalla a 1817, daga mutum shida, kuma uku daga cikinsu a kan titi ya gan su. Wato tun farkon fari da yanayin tafiya aka gane ta: mutum ya sunkuya gaba, takunsa ya gajarce, ya riƙa ƙara sauri kamar yana bin jikinsa kada ya faɗi. A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhun launi, wanda ƙwayoyinsa ke samar da wani sinadari mai suna dofamin. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ne ya nuna a ƙarshen shekarun 1950 cewa wannan sinadari ɗan aike ne da motsin jiki ya dogara da shi, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 2000. A cutar Parkinson waɗannan ƙwayoyi ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma kafin alamu su bayyana a fili, kusan rabinsu ko fiye sun riga sun tafi. Lebodofa, wanda aka tabbatar da amfaninsa a 1967, jiki ne ke juya shi ya zama dofamin, don ya cike gurbin abin da aka rasa.

Dofamin ɗin nan yana zuwa ne ga wasu curarrun cibiyoyi a ƙasan ƙwaƙwalwa, waɗanda aikinsu shi ne gudanar da motsin da mutum ya saba da shi ba tare da ya sa hankali ba. A nan ne sana'ata ta taimake ni na gane. Ya ɗan'uwa, ka tuna lokacin da kake koyon babbaƙu da farfaru, yatsanka a kan allo, kana haɗa harafi da harafi da ƙyar, in an yi maka magana ka ɓace. Ka dubi kanka yau kana karanta Fatiha, harshenka na tafiya shi kaɗai. Masana koyon motsi ma haka suka kasa abin. Wasu biyu, Fitts da Posner, sun bayyana a 1967 cewa kowace ƙwarewa tana bin mataki uku: matakin da mutum ke tunanin kowane motsi, matakin da yake gyara kurakurai yana haɗa gaɓa da gaɓa, da matakin da abin ya zama jiki. Tafiya hadda ce da muka yi tun muna 'yan shekara guda, muka kai ta mataki na uku, muka mance mun taɓa koyonta. Abin da cutar ta yi wa Baba shi ne ta taɓa ma'ajiyar wannan hadda. Ƙarfin ƙafa yana nan, niyya tana nan, amma umarnin da ya saba fita da kansa ya daina fita a kan kari, musamman a wurin ƙunci, ko wajen juyawa, ko idan hankali ya rabu biyu, ko idan ana gaggauta mutum. Duk huɗun na haɗa masa a waccan asuba.

Kamar kowane matashi na wannan zamani, intanet na nufa. A can na ci karo da hotunan bidiyo na masu wannan cuta, jikinsu na kaɗawa kamar ganye, likita ya latsa wata na'ura, nan take karkarwar ta tsaya cak. Wannan shi ne aikin dasa waya a cikin ƙwaƙwalwa don zaburar da ita da lantarki, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da DBS. Wani likitan tiyata a birnin Grenoble na Faransa, Alim-Louis Benabid, shi ya buɗe wannan babi a 1987, bayan ya lura a tsakiyar aiki cewa bugun lantarki mai sauri yana tsayar da karkarwa ba tare da an ƙona naman ƙwaƙwalwa ba, kamar yadda aka saba yi a da. Ana huda ƙoƙon kai, a zura siraran wayoyi zuwa wata cibiya da ba ta fi girman ƙwayar wake ba, a binne batiri a ƙarƙashin fatar ƙirji, ya riƙa aika bugu kusan 130 a kowace daƙiƙa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don karkarwa a 1997, sannan don sauran alamomin Parkinson a 2002. A 2025 kuma ta amince da wani sabon salo, wanda na'urar ke sauraren siginar ƙwaƙwalwa tana ƙara bugun ko ragewa da kanta gwargwadon buƙata.

Wallahi na ɗauka na samo bakin zaren. Na fara tambayar kuɗin aikin a Indiya, aka faɗa mini adadin da ya sa na zauna. Duk da haka na yanke shawarar sayar da filina, ɗan abin da na tara shekara bakwai, in kuma bi 'yan'uwa da ƙoƙon bara. A can ƙasan zuciyata, na sani, ina neman in fanshi wancan tabo na girar Baba ne.

Na kai wa likitansa maganar da murnata. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, bari in tambaye ka. Lokacin da magani ke kan ganiyar aikinsa a jikin Baba, ƙafar tana kafewa?" Na ce wani lokaci tana saki, amma sau da yawa ko ya sha tana kafewa. Ya ce, "To a nan gizo ke saƙa." Ya bayyana mini cewa ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, galibi abin da lebodofa ya iya gyarawa shi wayar ke gyarawa, in ban da karkarwa, wadda takan ji wayar ko da ta ƙi jin magani. Babban amfaninta shi ne ga wanda magani ke yi masa aiki amma yana saurin sakinsa, ko yana sa shi motsin da bai nufa ba. Kafewar ƙafa da ke zuwa ko da magani na aiki, da rashin daidaiton tsayuwa, su ne suka fi taurin kai, har wani lokaci sukan ƙaru bayan tiyata, magana ma takan yi nauyi. Ga kuma shekaru: Baba ya haura saba'in. Ga buƙatar komawa wurin ƙwararre a kai a kai don daidaita na'urar, da canjin batiri bayan 'yan shekaru. Ya ce, "Aikin yana da kyau ƙwarai ga wanda ya dace da shi. Amma matsalar da ta kawo ka yau, ba na jin a can maganinta yake. Ka riƙe filinka, ka kai shi sashen gashi."

Na fito jikina a sanyaye. Ina ganin an sauko da ni daga tiyatar ƙwaƙwalwa zuwa motsa jiki, kamar wanda ya je neman doki aka miƙa masa sanda. Da na gaya wa Baba, sai ya yi ɗan murmushin da cutar ta bar masa, ya ce da ma ko na sayar da filin ba zai hau jirgin ba.

A sashen gashin ƙashi, wanda ake kira fisiyo, wata ma'aikaciya ce ta karɓe mu. Ta bar Baba ya tafi har ya kafe a bakin ƙofar ɗakinta. Ba ta taɓa shi ba, ta kuma ɗaga mini hannu kada in matso. Ta ɗauko farin tef ta manna layuka a ƙasa, a gicciye, tsakanin kowane biyu kimanin taku guda. Ta ce, "Baba, manta da tafiya. Wannan layin nake so ka ƙetare." Ya ɗaga ƙafa ya ƙetare. Ya ƙetare na biyu, na uku, har ya kai bango. Na tsaya baki buɗe. Ta ce mini wannan dabara tsohuwa ce, wani likita a Ingila, Purdon Martin, ya rubuta ta tun 1967. Sirrinta shi ne, idan ido ya ga layi, ko kunne ya ji ƙidaya, umarnin taku yana bin wata hanya daban, hanyar lura da nufi, ya zagaye wadda ta lalace. Wato Baba ya koma mataki na farko, ya mayar da yatsa kan allo.

Ta koya mana abubuwa kaɗan, amma ta ce a yi su kullum. Idan ƙafa ta kafe, kada ya yi kokawa da ita. Ya tsaya, ya miƙe, ya ja numfashi, ya karkata nauyinsa dama da hagu, sannan ya yi babban taku guda yana ƙidaya ɗaya, biyu. Idan zai juya, ya zagaya da faɗi, kada ya murɗa a wuri guda. Kada a yi masa hira yana tafiya. Atisaye kuwa a yi shi lokacin da magani ke aiki. Ni kuma ta ce mini, "Malam, naka aikin ya fi nasa wuya: ka yi shiru, ka tsaya a gefensa, kada ka ja."

Da muka koma gida, na ɗebo alli daga makarantarmu na zana layuka tun daga ƙofar ɗakin Baba har waje. A wannan makon ne na ga wani abin da ya sa ni hawaye. Baba ya roƙi a kai shi shago, muka sha fama kafin ya shiga, amma da ya zauna kan kekensa ya ɗora ƙafa a feda, sai ga ƙafafun nan da suka ƙi ƙetare dokin ƙofa suna kaɗa keke daidai wa daida, kamar shekara ashirin baya. Daga baya na karanta cewa a 2010 wasu likitoci a birnin Nijmegen na ƙasar Holan sun ba da rahoton wani mutum da kafewar ƙafa ta hana shi taku, amma in an ɗora shi a kan keken hawa sai ya tuƙa abinsa lafiya ƙalau. Ashe motsin yana nan ajiye, mabuɗinsa ne ke ɓacewa.

Ƙanena, wanda ke karatun injiniya, shi ya kawo maganar zaburarwa iri na biyu, wadda ba a huda kai. Ya ga ana tallar wata na'ura mai kamar rawani a intanet, har yana cewa zai iya haɗa irinta da batiri. Tunanin taɓa kai da lantarki daɗaɗɗe ne. Tun ƙarni na farko na miladiyya wani likitan Rumawa, Scribonius Largus, yana ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai jan wuta, irin jan da minjirya ke yi wa masunta a kogunanmu. A zamaninmu kuwa hanya biyu ce ta shahara. Ta farko da maganaɗisu ake yi, Anthony Barker da abokan aikinsa suka ƙirƙiro ta a birnin Sheffield na Ingila a 1985: ana kara wani murɗaɗɗen ƙarfe a kai, ya aika bugu ya ratsa ƙashi. Ta biyu, wadda ake taƙaitawa da tDCS, masana biyu ne a Göttingen ta Jamus, Nitsche da Paulus, suka farfaɗo da ita a 2000: ana ɗora soso biyu jiƙaƙƙu da ruwan gishiri a kan fatar kai, a saki wuta 'yar kaɗan, miliamfiya 1 zuwa 2, na kamar minti 20. Wannan wuta ba ta isa ta motsa ko ɗan yatsa ba. Abin da take yi shi ne ta sa ƙwayoyin wannan sashe su zama a shirye, su fi saurin amsawa na ɗan lokaci.

Abin da ya ja hankalina shi ne wani bincike da aka buga a Amurka a 2009. An sa mutane masu lafiya suna koyon wani aikin yatsu na kwana biyar, wasu ana ba su wannan wuta lokacin atisaye, wasu kuma ana yi musu ta ƙarya. Waɗanda aka ba wutar gaske sun fi ƙwarewa, kuma ribar tasu ta fito ne tsakanin yini da yini, wato abin da suka koya jiya ya fi zama daram zuwa yau. Duk malamin hadda ya san wannan: karatun da yaro ya biya da yamma yana tuntuɓe, sau da yawa da safe sai ka ji ya zauna. Saboda haka masu bincike suka yi fatan a haɗa wannan zaburarwa da atisayen tafiya ga masu Parkinson, tunda babbar matsalarsu ita ce sabon abin da suka koya ba ya saurin zama. An gwada a ƙasashe da dama. Wasu gwaje-gwajen sun nuna ɗan ƙarin sauri ko raguwar kafewa, wasu ba su nuna bambanci da atisaye shi kaɗai ba, kuma mafi yawansu a kan mutane ƙalilan aka yi. Shi ya sa har yanzu a matakin bincike take, ba ta shiga jerin magungunan da aka tabbatar ba. Likitan Baba ya ja wa ƙanena kunne sosai, ya ce wurin da za a ɗora soson, da yawan wutar, da tsawon lokacin, duk da ilimi ake yin su, kuma kuskure yana iya ƙona fata ko ya jawo akasin abin da ake nema.

Amma darasin da na ɗauka ya wuce wannan gargaɗi. Na lura cewa su kansu masu binciken, babban fatansu ga wutar shi ne ta zo tare da atisaye. Lantarki ba ya ɗauke da ilimin tafiya a cikinsa. Iyakarsa ya yi aikin yayyafi, ya tausasa ƙasa, amma sai manomi ya sunkuya ya yi shuka. Hatta wanda aka dasa wa waya a ƙwaƙwalwa, bayan ya warke sashen gashi ake tura shi. Ni da na so in sayi sauƙi da kuɗin fili, sai na tarar an dawo da ni kan abin da nake gaya wa ɗalibaina kullum: babu hadda sai da maimaici, babu riƙo sai da muraja'a.

Muraja'ar mai Parkinson kuwa ba ta da ranar sauka. Wani babban gwaji da aka buga a 2007, a kan mutum 153 a Ingila da Beljiyam da Holan, ya horar da su a gidajensu na mako uku da irin waɗannan alamu na ji da gani da taɓi. Tafiyarsu ta gyaru gwargwado, amma mako shida bayan an daina horon, ribar ta ragu ƙwarai. Mu ma mun gani da idonmu. Makon da zazzaɓi ya kwantar da Baba, da ya tashi kusan daga farko muka koma. Mun kuma gane cewa abin da ya iya a tsakar gida ba lallai ya bi shi titi ba, dole a yi atisayen a wurin da ake buƙatarsa. Don haka muka nemi alfarma a wurin dattawan masallaci, suka yarda aka ja layi uku da farin fenti a ƙofar gefe, aka ajiye benci don cire takalmi. Yaran unguwa suka ɗauki nauyin kwashe takalman da ke tare hanya. Allah Ya saka musu da alheri.

Wata rana da na ga ya galabaita, na ce masa, "Baba, shari'a ta ɗauke maka zuwa jam'i. Kuma ya tabbata a hadisi cewa mara lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana da lafiya." Ya ce, "Na sani, ai tun kafin a haife ka na ji wannan. Asuba da isha na karɓi rangwamen, tunda duhu da sanyin jiki sun fi ƙarfina. Amma la'asar da magariba ka bar ni da su. Ranar da na daina zuwa masallacin nan, ranar ƙafar za ta mance hanya." Da na gaya wa ma'aikaciyar gashi, sai ta ce Baba ya fi ni fahimtar jinyarsa.

A yau taku 240 ɗin nan sun zama kusan 400 a ƙafar Baba, kuma mukan fita minti goma sha biyar kafin kiran salla, don kada gaggawa ta kama mu. Yana tafe yana ƙidaya a ƙasan maƙoshi, ni ina gefen damansa, bakina a rufe. Maƙwabta sun koyi su bari sai ya zauna kafin su gaishe shi. Wani lokacin yakan kafe a tsakiyar hanya, in ji hannuna yana ƙaiƙayin kamawa, sai in haɗa hannayena a baya in jira. Ba zan ce muku ya warke ba. Cutar tana ci gaba a hankali, kuma akwai ranakun da zaure ma ba ya iya kaiwa. Amma tun daga waccan asuba bai sake faɗuwa a hannuna ba.

Abin ya bi ni har aji. A da idan yaro ya maƙale a tsakiyar aya, nakan daka masa tsawa, in ɗauka wasa ne ya hana shi bita. Yanzu nakan tuna mutumin da ya ce yana ɗagawa, ita ce ba ta ji. Sai in yi shiru, in ba yaron farkon kalmar, in bar shi ya ƙetare da kansa.

'Yan'uwana matasa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da wannan cuta, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Zakaran dambe Muhammad Ali ya rayu da ita shekara 32, daga 1984 har rasuwarsa a 2016, kuma da hannun nan mai karkarwa ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Saboda haka tana iya kasancewa a gidan kowanenmu. Idan kun ga tsohonku hannunsa na rawa yana hutawa, ko tafiyarsa ta gajarce, ko rubutunsa ya ƙanƙance, ku kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa da wuri, kada ku ɓata shekara kamar yadda muka ɓata wajen zargin bayin Allah. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, duka biyun riƙo da sababi ne. Ku kiyaye masa lokutan shan magani daidai da yadda likita ya tsara. Ku yi hattara da abin da ake tallatawa a intanet, ku tambayi masana kafin ku kashe dukiya ko ku ɗora wa wani waya a kai. Idan likita ya ga majinyacinku ya dace da tiyata kuma akwai hali, to alheri ne, a yi. In kuma bai dace ba, kada ku raina alli da ƙidaya. Sama da duka, idan ƙafarsa ta kafe, kada ku ja shi.

Ina roƙon ku sanya Baba a addu'o'inku, ku kuma roƙa mini gafara a kan waccan asuba. Shi ya ce ya yafe tun kafin jinin ya tsaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa jinya ta zama kaffara, Ya ba masu jinya haƙuri da tausayi, Ya tabbatar da dugaduganmu a duniya da kuma ranar ƙetare siraɗi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Wallahu a'alam.